Sakan 11 a Unguwar Kusugu

Sakan 11! Wallahi da idona na gani, wayata na hannuna ina kallon agogo. Aikin da ya saba cinye wa Yayata dare uku a ƙarshen kowane wata, aikin da ya haɗa ta faɗa da mutanen da take ƙauna har aka riƙa ce mata mai son kai a bayan idonta, shi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai tsagaggen murfi ta gama tun shayin da ke gabana bai huce ba. Tun daga daren nan na kasa riƙe bakina. Mai shayin bakin layinmu ya sha labari, direban da ya mayar da ni Katsina ya sha labari tun daga tashar Daura har muka sauka. To, ku ma ku gyara zama.

Yaya ungozoma ce, ta haura shekara 20 a bakin aiki, kuma ita ce shugabar ɗakin haihuwa a wani asibiti a ƙasar Daura, abin da ma'aikata ke ce wa in-caji. Gidanta yana unguwar Kusugu, 'yar tafiya kaɗan a ƙasa daga rijiyar nan da kowane Bahaushe ya san sunanta. Su 14 ne a ɗakin har da ita. Ɗakin haihuwa kuwa ba a sa masa kwaɗo, domin naƙuda ba ta san Juma'a ba, ba ta san ranar Sallah ba, ta ma fi son tsakar dare. Saboda haka an kasa yini kashi uku: aikin safe daga ƙarfe 8 zuwa 2, na yamma daga 2 zuwa 8, sai na dare daga 8 har 8 na safiya. Da safe ana son mutum huɗu, da yamma uku, da dare biyu. Gurabe tara ke nan kullum, 270 a wata mai kwana 30. Takardar da ke faɗa wa kowa ranar da zai zo da ranar da zai huta, ita ce rosta.

Na sha ganin yadda ake haihuwar rostar nan, kuma naƙudarta ta fi ta wasu matan tsawo. Da wata ya kai 25, Yaya za ta aiki yaro ya sayo kwali. Bayan sallar Isha'i ta shimfiɗa shi a kan tabarma, ga rula, ga fensir, ga biro ja da shuɗi. Ta ja layi 14 a kwance, 30 a tsaye, ya zama kamar gidan dara mai rami 420. Sai wayarta ta fara kuka. "Sista, don Allah ran 9 ga wata bikin ƙanwata ne a Mai'aduwa." "Anti, maigida ya ce kada a sa ni dare ranar girkina." "Hajiya, ni fa watan jiya ni na yi Juma'a uku." Ta rubuta, ta goge, ta sāke rubutawa. Ta gyara ran 9, sai ran 12 ta ɓaci. Ta gyara ran 12, sai ta tarar ta sa wata aikin safe alhali a safiyar nan take sauka daga na dare. A dare na uku idanunta sun yi ja, kwalin ya fara hujewa saboda guga. Ran da aka manna shi a bango kuma, a nan ake fara wata sabuwar shari'a.

Kada wani ya ce Bahaushe baƙo ne a wannan fage. Mai mata biyu ya san rabon kwana, ya san kuma cewa dare ɗaya da aka karkatar yana iya tayar da gida. 'Yan adashe sun san kwasa bi da bi. Masu noman rani sun san ranar ruwan kowa. Sai dai rabon kwana iyakarsa mata huɗu, ita kuwa Yaya mutum 14 take raba wa, kowacce da mijinta da 'ya'yanta da surukarta da bikinta da rasuwarta.

A wannan karon ɗanta na fari yana gida, ya zo hutu daga Kano inda yake karatun kwamfuta. Ya daɗe yana kallon uwarsa tana fama da fensir, can ya ce, "Umma, ki ba ni in gwada mana."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa, sai ta ce da ni, "Ka ji yaron nan. Shi yana zaton wasan waya ne."

Na ce, "Yaya, bar shi ya gwada, ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare."

Ya ɗauko kwamfutarsa ya zauna a bakin tabarma. Abin da ya fara cewa shi ne, "Umma, faɗa mini dokokinki."

Sai ta yi shiru. Jama'a, a nan na fara jin tsigar jikina na tashi! Matar da ta shekara da shekaru tana wannan aiki ta kasa lissafo dokokinsa, domin ba ta taɓa furta su ba. A kanta suke, a hannunta suke, kamar yadda mai tuƙa tuwo ba ta auna gari da mudu sai ta ji a muciya. Yaron ya yi dabara, ya ce ta kasa su gida biyu: waɗanda ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a karya ba, da waɗanda ake so a kiyaye in da hali. Ta ce, "Wato farilla da mustahabbi." Ya ce, "Shi ke nan, Umma, kin gama fahimtar karatun da muka yi zango guda muna yi."

Farillan suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa da yatsu. Wadda ta kwana a bakin aiki ba za ta yi safe ko yamma washegari ba. Ba a yin dare fiye da uku a jere, kuma in an sauka sai an huta kwana biyu. Ba wadda za ta yi kwana bakwai a jere babu hutu, wanda ko Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadar wa ma'aikacin da ta shafa hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. Ba wadda za ta wuce zuwa aiki sau 22 a wata. Wata mai tsohon ciki an ɗauke mata dare, ita ma Yaya safe kawai take yi saboda ayyukan ofis. Sai mustahabbai: bikin Mai'aduwa, ranar girki, wadda ke zuwa daga Sandamu ta fi son safe don kada duhu ya same ta a hanya, ma'aikata biyu Kiristoci suna son Lahadi, sauran suna son Juma'a, sannan a raba dare daidai gwargwadon iko. Shi kuma yana ta ƙwanƙwasa madannai, yana mayar da maganar uwarsa lissafi. Wannan ya ci kusan awa biyu. Da ya gama sai ya ce, "Kawu, duba agogonka." Ya danna.

Ɗaya, biyu, uku... ina ƙirgawa a zuci, fankar kwamfutar na huci. A na goma sha ɗaya sai ga shi, ramuka 420 duk a cike!

Yaya ta jawo kwamfutar gabanta, ta sa tabarau, ta bi layi-layi da ɗan yatsa tana neman kuskure kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta kuwa samu. "Kai, wannan ba zai yiwu ba! Ran 17 ka haɗa mini yara biyu a dare, dukansu bara suka fito daga makaranta. In jini ya ɓalle wa mace ƙarfe uku na dare, wa zai tsaya?" Yaron ya ce ai ba ta faɗa masa ba. Ta ce wannan ai ko ba a faɗa ba an sani. Ya ce, "Umma, ita ba ta san komai ba sai abin da aka faɗa mata." Aka ƙara farilla guda: kowane dare sai da babbar ungozoma. Ya sāke dannawa, kafin in kurɓi shayi sau biyu wata rostar ta fito, babba ɗaya ƙarama ɗaya a kowane dare.

Sannan ya nuna mana wani ɗan layi a gefe inda aka tara wa kowa jimillarsa. Dare 60 ne a wata, mutum 12 ke yi. Biyar, biyar, biyar, biyar, har ƙasa. Ba wadda ta ɗara wata ko da ɗaya.

Yaya ta tashi ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ta fito da kwalin watan jiya. Ta fara ƙirga jajayen alamun dare. Ta ƙirga, ta sāke ƙirgawa. Wata ta yi tara. Wata ta yi biyu. Mai taran nan ita ce yarinyar da ba ta taɓa bugo waya ta roƙi komai ba, mai kunya, wadda ko an taka ta sai ta ce "ba komai, Sista." Mai biyun kuwa ita ce wadda lambarta ta fi kowacce bayyana a wayar Yaya. Na rantse muku Yayata ba azzaluma ba ce, ba ta kuma yi da gangan ba. Duk inda rami ya ƙi cikuwa a dare na uku, hannunta yakan tafi ga sunan da ta san ba zai jawo mata magana ba. Mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma a kwalin nan mai haƙuri dare tara ta sha a tsaye, ta bar jaririnta wurin kakarsa. Na ga hawaye a idon Yaya. Ta ce, "Innalillahi, ashe haƙƙin yarinyar nan nake ɗauka ban sani ba."

Kuma dare ba ƙaramin abu ba ne da za a jibga wa mutum ɗaya. Jikin ɗan Adam yana da agogonsa na ciki, wanda binciken yadda yake aiki ne ya sa aka ba wasu Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya haddasa cutar daji, tun a 2007, ta kuma sāke tabbatar da haka a 2019. Tunda dole wani ya kwana a ɗakin haihuwa, aƙalla a raba nauyin daidai.

Na kama yaron da tambaya, na ce ya gaya mini gaskiya, wane irin siddabaru ne wannan? Ya yi dariya ya ɗauki biro. Ya ce kowane rami yana iya ɗaukar abu huɗu: safe, yamma, dare ko hutu. Ramuka 420 ne. In ka ninka huɗu da huɗu har sau 420, adadin da zai fito yana da lambobi 253 a jere. Ya ce masana sun ƙiyasta cewa dukkan ƙwayoyin zarra da ke cikin sararin da ake iya hangowa, adadinsu lambobi kusan 80 ne kacal. A cikin wannan teku Yaya ke lalube da fensir kowane wata! Ita ma kwamfutar ba bi take ɗaya-ɗaya ba, da haka ne da har tashin duniya ba ta gama ba. Tankaɗe take yi. Da zarar ta sa wance a daren Litinin, nan take ta toshe mata safiyar Talata da yammacinta, hanyoyi bila adadin sun faɗi ke nan. In ta bi wata hanya ta ci karo da bango, sai ta riƙe dalilin da ya kai ta can don kada ta sāke komawa. Mustahabbai kuma kowanne an yanka masa tara in aka saɓa shi, ita kuma tana neman rostar da tararta ta fi ƙanƙanta.

Na ce nawa ya sayi manhajar? Ya ce ko sisi. Sunanta OR-Tools, kamfanin Google ne ya sake ta kyauta ga duk mai so, har ma a cikin darussan koyon amfani da ita akwai misalin rabon aikin ma'aikatan jinya. In an sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman intanet. Ko wuta aka ɗauke, cajin batir ya ishe ta.

Amma abin da ya fi girgiza ni yana gaba. Yaya ta ce to a gwada mata wani wata mai kwana 30 da ke tafe, wanda mai cikin nan za ta tafi hutun haihuwa, wata ta tafi hutun shekara, wata kuma an tura ta kwas. Ya cire sunaye uku ya danna. Wannan karon ko sakan biyu ba a yi ba, kalma ɗaya ta fito. Ya ce, "Umma, ta ce ba zai yiwu ba." Ta ce ta lalace ke nan? Ya ce a'a, ya juya bayan kwali ya rubuta: mutum 11 sau 22, an sami 242. Ana buƙatar 270. Giɓin gurabe 28. Duk dabarar duniya ba za ta cike shi ba, sai dai a karya farilla ko a kawo ƙarin hannu.

Shekara nawa Yaya ta yi tana zargin kanta a irin waɗannan watanni, tana cewa ita ce ba ta iya ba? Shekara nawa tana toshe giɓin da jikinta, ta yi safe ta zarce yamma? Ashe lissafi ne ya ƙi. Yanzu tana da lamba a hannu da za ta ajiye a teburin shugabanninta, 28, ba kuka ba, ba ƙorafi ba. Wannan giɓi kuwa ba a ɗakinta kaɗai yake ba. A watan Fabrairun 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku. Kwamfuta ba ta haihuwar ungozoma. Abin da ta iya shi ne ta faɗi ƙarara guda nawa suka rage a kawo.

Daren nan barci ya ƙaurace mini, na kwana ina bincike a waya. Ashe abin ya girme ni! A 1954 wani injiniya mai suna Leslie Edie, ma'aikacin hukumar da ke kula da gadoji da hanyoyin ƙarƙashin ruwa na birnin Niyok a Amurka, ya wallafa nazari kan cunkoson motoci a rumfunan karɓar kuɗin wucewa, da yawan ma'aikatan da ake buƙata a kowace sa'a. A shekarar nan George Dantzig, masanin lissafin da ya ƙirƙiro hanyar warware irin waɗannan matsaloli a 1947 yana yi wa rundunar sojan saman Amurka aiki, ya rubuta 'yar gajeriyar amsa da ta nuna yadda za a mayar da rabon ma'aikatan nan lissafi. Daga wannan tushe ne kamfanonin jiragen sama suka zo suna tsara wa matuƙa da ma'aikatansu ranakun tashi. Fiye da shekara 70 ke nan ilimin yana duniya, Yayata na sayen kwali!

Da hantsi na ja yaron muka fita miƙe ƙafa, ƙafar ta kai mu Kusugu. An kewaye rijiyar da gini, mun tarar da wasu ɗalibai baƙi an ja musu ruwa a guga suna sha, ana ba su labarin da na ji ya fi sau ɗari. Yadda Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya bi ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura cikin dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana. Ya nemi ruwa ta ce babu, domin macijin da ke rijiya, wanda ake kira Sarki, ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga nan aka sami Hausa Bakwai. Labarin baka ne, masana tarihi suna ta muhawara a kansa, amma ranar nan sai na ji shi kamar ban taɓa ji ba. Na kama hannun yaron na ce, "Ka ji abin da na ji kuwa?"

Macijin nan bai shanye ruwan ba. Bai cike rijiyar da ƙasa ba. Ruwa yana nan, mutane suna nan, guga yana nan. Rana ya riƙe! Shi ke cewa yau a zo, gobe kada a zo, kuma ba mai tambayarsa dalili. Da wannan kaɗai ya mallaki gari guda, har ana ce masa Sarki. Kakanninmu sun ajiye mana wannan magana a ƙofar gida: wanda ya riƙe ranakunka ya riƙe ka. Mai rubuta rosta shi ke yanke ko za ki ga ɗanki kafin ya yi barci, ko za ki je jana'izar gwaggonki, ko za ki ga hawan Sallar Gani ko kuwa sai dai ki ji tambura daga tagar asibiti.

Yaron ya ce, "Kawu, to ai ita ma kwamfutar tana iya zama macijin." Ya kuwa yi gaskiya, domin an gani. A watan Agustan 2014 jaridar New York Times ta buga rahoton Jodi Kantor kan wata matashiyar uwa mai aiki a shagon kofi na Starbucks a Amurka. Manhajar kamfanin Kronos ce ke tsara musu aiki, tana bin yawan masu saye don rage wa kamfani kashe kuɗi. Jadawalin yakan fito saura 'yan kwanaki, yana sauyawa mako-mako, wani lokaci mutum ya rufe shago da dare kuma a ce shi zai buɗe da asuba. Matar ta rasa yadda za ta tsara renon ɗanta da karatunta. Rahoton na fita kamfanin ya sanar da sauye-sauye. Bayan nan birnin Seattle ya kafa dokar da ta fara aiki a Yulin 2017, wadda ta wajabta wa manyan shaguna da gidajen abinci su ba ma'aikaci jadawalinsa kwana 14 kafin lokaci, su kuma bar masa awa 10 tsakanin tashi da komawa ko su biya shi ƙari. Jihar Oregon ita ma ta yi irin wannan doka a shekarar. Lissafin iri ɗaya ne da wanda na gani a tabarmar Yaya. Can an ce wa na'ura ta kare riba, ta kare. Nan an ce mata ta raba dare daidai, ta raba.

Shi ya sa abin da Yaya ta yi daga baya ya fi burge ni a kan sakan 11 ɗin. Da ta kai rostar asibiti, mai dare biyun nan ta duba ta ga biyar, sai ta ce, "Sista, ai kwamfutar ɗanki ce, abin da kika ce mata shi za ta yi." Yaya ba ta yi fushi ba, ta ce gaskiya ne, saboda haka kowa ya zo a ji abin da aka ce mata. Ta tara su duka bayan miƙa aikin safe, ta karanta farillai da mustahabbai ɗaya-ɗaya da babbar murya. Ta ce da ni a waya, "Ƙanina, ban taɓa ganin taro irin wannan ba." Aka yi ta muhawara. Shin daren Juma'a daidai yake da daren Talata? Biki da rasuwa nauyinsu ɗaya? Roƙo nawa mutum zai iya yi a wata? Suka tsaya a kan uku, a rubuce, kafin 15 ga wata, ba a waya cikin dare ba. Rasuwa kuwa ba ta shiga lissafi, in ta faɗo sai a yi musanya a sanar da in-caji. Kiristocin nan biyu suka ce su a ba su ranakun Sallah, a bar musu Kirsimeti da Ista. Wadda ta yi Ƙaramar Sallah a bakin aiki ba za ta yi Babba ba. Har yarinyar nan mai kunya ta buɗe baki, karo na farko, ta ce in da hali tana son darenta biyar su rabu biyu, kada su watsu cikin wata. Aka rubuta.

Akwai ma wata matsala tamu ta gida da na tabbata injiniyoyin Niyok ba su taɓa tunaninta ba: ganin wata. Ba wanda ya san ranar Ƙaramar Sallah sai an ji sanarwar Sarkin Musulmi a daren 29 ga Ramadan. Da can Yaya takan yi rosta ɗaya ta yi ta addu'a, in azumi ya cika 30 sai a kwana ana buge-bugen waya. Yanzu biyu za a fitar tun da wuri, ta 29 da ta 30, a manna su gefe da gefe, a kuma tura hotonsu a zauren WhatsApp na ɗakin. Ana sanarwa kowa ya san tasa.

Tun daga ranar, duk inda na waiga a Daura rosta nake gani. Masu ba da mai a gidajen mai, masu kwaɓa fulawa a gidajen burodi da ke tashi tun kafin kiran assalatu, masu gadin makarantun kwana, 'yan sintirin unguwa, jami'an da ke kan iyaka a Kongolam, ma'aikatan asibitin sojan sama da aka buɗe a 2019. Kowane ɗayansu akwai wani bawan Allah da ke zaune da biro yana rarraba musu dare, akwai kuma wani mai kunya da ake jibga wa ragowar. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta Daura, wanda tashoshinsa za su buƙaci ma'aikata dare da rana. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. Ilimin da ake buƙata yana nan cikin gari, kamar yadda ruwa yake cikin Kusugu.

Ina kira ga ɗalibanmu masu karatun kwamfuta da lissafi: in za ku zaɓi aikin kammala karatu, ku shiga asibitin da ya fi kusa da gidanku ku nemi in-caji, ku zauna ku saurare ta har ta furta dokokinta, ku yi mata allon da za ta iya cikewa da kanta ko ba kwa nan. Ku kuma shugabannin ma'aikata, ko ba ku da kwamfuta, ku ɗauko rostar watan jiya yau ɗin nan ku ƙirga daren kowa. Ku rubuta dokokinku a takarda, ku karanta wa ma'aikatanku su ji da kunnensu, ku manna rosta mako biyu kafin wata ya kama. In kun sami wadda ta yi tara alhali wata ta yi biyu, ku kira ta ku nemi gafararta, kamar yadda Yayata ta yi.